Jar Jijiya a Ƙarƙashin Garin Tobiya

Fadila Hambali ta fara zuwa Garin Tobiya ne da rani, cikin tsohuwar motar ofis wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Ƙauyen ƙarami ne, a gindin duwatsun da ke gabas da Jalingo, kuma sunan mutumin da ya fara sare dajin wurin aka sa masa. Mutumin yana nan da ransa. Baba Tobiya manomin doya ne, ɗan Mumuye, gajere mai faɗin kafaɗa, matarsa Mama Cecilia ta fi shi tsawo kuma ta fi shi magana.

Ita Fadila kimiyyar duwatsu ta karanta. Kakanta Bazazzagi ne da fatauci ya kawo Jalingo, a unguwar Kachalla Sembe aka haife ta, a nan kuma ta yi aure. Tana aiki a wani ofishin haɗin gwiwa da aka buɗe don nema wa ƙauyuka ruwa, kuma abin da aka ɗora mata shi ne haɗa taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ba irin taswirar da ake mannawa a bango ba ce. Wannan a kwamfuta take, ana juya ta ta kowane gefe, ana yanka ta kamar kabewa a leƙa ciki, a ga inda ƙasar noma ta ƙare, inda ruɓaɓɓen dutse ya fara, da tsagogin da ruwa ke kwanciya a cikinsu.

Kafin taswirar ta haɗu sai da ta yi ta zarya. Ta ja wayoyin awo a cikin kunyoyin doya, ta fasa duwatsu, ta ɗebi ruwan rafi a kwalabe. Duk zuwan da ta yi a gidan Baba Tobiya take sauka. Mama Cecilia ta ware mata buta da tabarma saboda salla, kuma ba ta taɓa barin ta koma gari ba tare da doya a bayan mota ba.

Ranar da ta gama ɓangaren ƙauyen, ta kawo kwamfutarta ta ɗora a kan turmi a inuwar mangwaro. Mutane suka zagaye ta. Ta nuna musu rufin cocinsu daga sama, sannan ta sa yatsa ta kifar da ƙasar, sai ga cikinta launi-launi.

Baba Tobiya ya daɗe yana kallo. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Injiniya, ka ce wannan gona na ne?"

"Ita ce, Baba. Daga ƙasa muke kallonta."

"Baba na yana kwance can bayan dutse. Abin nan yana ganin shi?"

"A'a, Baba. Duwatsu da ruwa kawai yake gani."

"To da kyau," ya ce, ya gyara zama.

Sai ta nuna musu abin da ya kawo ta. Wani jan layi ne mai kauri da ya ratsa ƙarƙashin gonar, ya bi ta gefen rafi, ya nutse a gindin dutse. Ta ce jijiyar dutsen kwalli ce, wanda ake fitar da dalma daga cikinsa, kuma ruwan da ya kwana a jikinsa guba ne, musamman ga yara. A nan ne da ma ƙauyen suka yi niyyar haƙa rijiya, saboda wurin yana da laima. Ta roƙe su kada su yi. Ta nuna musu wani wuri can arewa da coci inda ruwa mai kyau yake, sai dai yana da zurfi, sai injin burtsatse.

"Yaushe injin zai zo?" in ji Mama Cecilia.

"Bayan damina, in Allah ya yarda. Sunanku na cikin na farko."

Da gangan Fadila ta zaɓi ja. Sauran duwatsun ta ba su launuka masu sanyi, toka-toka da ruwan ƙasa da shuɗi, amma wannan ta so duk mai injin haƙa da ya buɗe taswirar ya gan shi kafin ya ga komai. Ta rubuta sunan ma'adinin, da zurfinsa, da kaurinsa, da inda ya fi kusa da saman ƙasa. Haka ta yi wa duk wata jijiya irinta da ta ci karo da ita a sauran ƙauyuka.

An ƙaddamar da taswirar a babban ɗakin taro na wani otal. Shugaban ofis, Alhaji Abdulsalam, ya tsaya gaban majigi ya bayyana cewa daga yau kowa na iya buɗe ta a wayarsa kyauta, ko a ina yake. Aka tafa. A lokacin Fadila tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura, amma ta miƙe da aka kira sunanta, kuma ta ji daɗi har ranta. Ba a jima ba ta tafi hutun haihuwa.

Damina ta wuce, injin bai je Garin Tobiya ba. An ce yana wata ƙaramar hukuma, daga baya aka ce ya lalace ana jiran kayan gyara.

Ba ta daɗe da komawa aiki ba, wata safiya ta sauka daga keke napep a bakin ofis sai ta ga Mama Cecilia zaune a kan bencin maigadi. Ta rame, zaninta duk ya yamutse. Ba ta kawo doya ba.

"Mama, lafiya? Ina Baba?"

"Yana gida. Ni asibiti muke kwana. Yarinyar Solomon ne, Cynthia. Tana faɗuwa, jiki yana karkarwa, ido yana juyawa. Likita ya ce abin yana cikin jini."

Solomon ɗansu ne na fari. Fadila ta san Cynthia, yarinya ce da ba ta shiga makaranta ba tukuna, mai son leƙa cikin jakar kayan awo.

"Me likitan ya ce yana cikin jinin?"

"Abin nan da ka nuna mana. Dalma."

"Kun haƙa rijiyar ne?"

Mama Cecilia ta girgiza kai. "Mu ba mu haƙa ba. Mutane ne suka zo."

Washegari Fadila ta bar jaririnta wurin mahaifiyarta ta nemi mota. Tun daga kwanar da ake barin kwalta ta ga hanyar ta canja, tayoyin manyan motoci sun tone ta. Da suka isa, sai da ta nemi rufin coci kafin ta gane inda take. Gonar Baba Tobiya ta zama ramuka, ɗaya na bin ɗaya a jere, kowanne da tulin jar ƙasa a bakinsa. An kafa rumfunan leda. Injinan niƙa suna ta ruri, ƙura mai ƙyalli tana sauka a kan tukwanen masu sayar da abinci. A rafi kuwa samari ne tsaye cikin ruwa har gwiwa suna wanke dakakken dutse, ruwan ya koma kalar toka. Wata mata tana cika jarka a ƙasa da su kaɗan.

Ta tsaya a kan wani tudu ta bi jerin ramukan da ido. Sun ratsa gonar, sun bi gefen rafi, sun nufi gindin dutse. Ba ta buƙatar buɗe kwamfuta don ta san abin da suke bi.

Aka nuna mata mai kula da wurin. Abbo sunansa, dogo siriri da hular sanyi duk da zafin rana, Hausarsa da gardin Fulatanci. Ya ɗauka jami'ar gwamnati ce, ya fara neman takardu a aljihu. Ta ce ba wannan ya kawo ta ba, so take ta san yadda suka gano wurin.

Ya yi murmushi ya ciro waya. Gilashinta a fashe yake, amma taswirar ta buɗe sarai. Ya sa yatsu biyu ya kifar da ƙasar, ya yanka ta, ya kashe sauran launukan ya bar jan kaɗai yana lilo a cikin duhu. Hannunsa ya saba, ko ita ba ta fi shi sauri ba.

"Hajiya, da can sai mu yi ta haƙa a banza. Rami ya rufta da ƙanena a wani daji, a wurin da ba komai. Yanzu ka duba, ka auna, ka sauka a kansa. Wanda ya yi wannan abu ya san aiki. Kullum ina sa masa albarka."

"Ka karanta abin da aka rubuta a jikin layin? An ce guba ne."

"Na gani. Mun ce wa yara su rufe hanci." Ya mayar da wayar aljihu. "Kowane aiki da gubarsa, Hajiya. Zama ba aiki ma guba ne."

Ba ta gaya masa ko ita wace ce ba.

Baba Tobiya yana zaune a ƙofar gida. Ya amsa gaisuwarta, ya sa aka kawo mata tabarma. Ya ce da farko ya hana, sai aka zo masa da takarda mai hatimi, aka ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba na mai gona ba ne. Daga baya samarin ƙauyen da kansu suka shiga ramin, har da Solomon, wanda ya riƙa kawo dutsen gida yana dakawa a tsakar gida don ya fi samun riba.

"Baba, ni na sa abin nan a inda kowa zai gani. Don kada a haƙa rijiya na yi."

"Na sani," ya ce. "Ka gaya mana gaskiya. Su ma ka gaya musu gaskiya."

Aka kawo mata ruwa a kofi. Ta riƙe shi a hannu har ta tashi, shi kuma bai ce ta sha ba.

Daga ƙauyen, ofis ta wuce kai tsaye, wurin Paul, matashin da ke kula da manyan kwamfutocin da taswirar ke zaune a cikinsu. Ɗakinsa ne kaɗai mai na'urar sanyi da ke aiki.

"Paul, ina so ka cire jan layin nan. Duka, na kowane ƙauye."

Ya dube ta, ya ga ƙurar da ke jikin mayafinta, bai yi musu ba. Ya danna abin da zai danna, jan ya ɓace. Fadila ta sauke ajiyar zuciya ta tafi ta yi sallar la'asar. Da ta dawo ta buɗe taswirar, layin yana nan inda yake.

"Na san haka za a yi, Anti," in ji Paul. "Na so ki gani da idonki ne. Taswirar ba a nan kaɗai take ba. Rumbun ajiya huɗu ne: namu, da na Makurdi, da na Abuja, da na jami'ar Turawan da muke aiki tare. Kullum suna duba juna. Idan ɗaya ya rasa wani abu, sauran ukun sai su ɗauka lalacewa ya yi, su mayar masa."

"Wa ya ce a yi haka?"

"Mu. Kin tuna lokacin da wuta ta ƙona mana na'ura, aikinki na wata da watanni ya tafi? Ke kika ce a yi yadda ba abin da zai sake ɓacewa."

Ta tuna. Har kuka ta yi a wancan lokacin.

Paul ya ce ba a cire komai sai duka ofisoshin huɗu sun amince. Ta tafi wurin Alhaji Abdulsalam. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza idanu. Mutum ne mai kirki, kuma ta ga abin ya taɓa shi.

"Ranka ya daɗe, yara ne ke shan wannan ruwan."

"Na ji, Fadila. Zan kira su yau. Amma kada in yaudare ki, sharaɗin da aka ba mu aikin a kansa shi ne komai ya zama a buɗe."

Ya kira su kuwa. Aka yi taro ta bidiyo, hoto yana yankewa yana dawowa. Mutumin Makurdi ya ce masu haƙa rijiya a wajensu sun dogara da jan layin, in an cire shi wani zai huda guba ya ba gari. Ta Abuja ta ce haƙar ma'adinai ba hurumin ofishin ruwa ba ne, a rubuta wa waɗanda abin ya shafa. Farfesan Turawan ya nuna alhini sosai, ya ce lamari ne da ya kamata a yi nazari a kansa, sannan ya tambaya ko an san adadin waɗanda suka riga suka sauke taswirar a wayoyinsu. Paul ya faɗi adadin. Ko an cire ta daga rumbunan huɗu, ta riga ta shiga aljihun mutane, ana tura wa juna ita kamar waƙa.

An rubuta wa waɗanda abin ya shafa. Jami'ai sun je Garin Tobiya, masu haƙa suka watse, suka dawo bayan motocin sun tafi.

Cynthia ba ta mutu ba. An sallame ta, amma ta daina magana, kuma ƙafarta ɗaya tana ja. Wasu yara biyu a ƙauyen ba su kai asibiti ba.

Wata rana Paul ya kira Fadila ya rufe ƙofa. Ya ce akwai abin da bai nuna wa kowa ba. Rumbunan suna riƙe da lissafin wuraren da mutane suka fi leƙawa a taswirar. Ya buɗe mata. Duk faɗin yankin duhu ne, sai ɗigo-ɗigon haske a wasu wurare. Garin Tobiya yana haske. Akwai wani wuri kudu da garin Kona da ya fi shi haske, wani ƙauye da ta taɓa kwana biyu tana awo a cikinsa.

"Can za su nufa," in ji Paul. "Tun watan jiya ake ta juya wurin."

Ta je da kanta ranar Asabar, mijinta ya kai ta a motarsa. Mai unguwar ya karɓe su hannu biyu, ya tara dattawa. Ta ba su labarin Garin Tobiya ba ta rage komai ba, ta nuna musu hoton rafin, ta gaya musu halin da Cynthia ke ciki. Suka yi ta jinjina kai. Da ta gama, mai unguwar ya yi mata godiya, ya yi shawara da na kusa da shi da yarensu, sannan ya juyo.

"Hajiya, tunda kin ce za su zo, kuma ba mai hana su, ki taimaka ki nuna mana daidai wurin. Gara yaranmu su fara kafin baƙi su iso."

Suka kama hanyar dawowa. Mijinta ya kunna rediyo, ya sake kashewa.

Kafin wata damina Baba Tobiya ya bar garin da ke ɗauke da sunansa. Ba sauran inda zai yi kunya, rafin kuma ko awaki sun daina sha. Suka kama ɗaki a unguwar Mayo Gwoi cikin Jalingo, kusa da wata 'yar'uwar Mama Cecilia. Solomon ya zauna a ramuka. Fadila takan je da 'yan kayan masarufi, ta tarar da tsohon a kan benci yana kallon masu wucewa, Cynthia a jingine da ƙafarsa. Ba ya ƙorafi. Yakan tambayi lafiyar jaririnta, ita kuma takan ajiye kayan ta tafi bayan gaisuwa. A hankali ta rage zuwa.

Injin burtsatsen ya gyaru daga baya. Da aka duba jerin ƙauyuka, aka ga mutanen Garin Tobiya sun ragu ƙwarai, sai aka ba wani gari.

Aikin kuwa ya samu yabo, har aka faɗaɗa shi zuwa ƙauyukan da ke bayan duwatsu. Sababbin awo suka iso teburin Fadila. Tana haɗa su, hawa bayan hawa, sai ga wata jijiya ta fito a ƙarƙashin wani ƙauye da ba ta taɓa zuwa ba, ta bi daidai ta bayan makarantar firamare, inda al'ummar wurin suka nemi a haƙa musu rijiya.

Ta kira Paul ta nuna masa.

"In ban sa ba, wani zai kafa inji a nan, yara su sha. In na sa, ka san sauran."

Paul ya ja kujera ya zauna. "Ki cire sunan dutsen mana."

"Na yi tunanin haka. In ba shi launin toka kamar sauran, in rubuta kawai kada a haƙa rijiya a nan."

Ya ce, "Anti, akwai wuraren da kika rubuta haka a baya saboda gishiri ne ya yi yawa a ruwan. Na duba. Har can sun je sun tona. Sun gane cewa duk inda kika ce kada a haƙa, akwai dalili."

Ta riƙe aikin a kwamfutarta ba ta tura ba. Makurdi suka tambaya, ta ce tana dubawa. Abuja suka tambaya. Ta rubuta wa mai injin da aka ba aikin rijiyar makarantar ta ce ya dakata, ya amsa cewa shi da abin da ke cikin taswira yake aiki, kuma taswira ba ta nuna komai a wurin ba. Ranar Litinin zai kai inji.

Ranar Juma'a da hantsi Alhaji Abdulsalam ya leƙo ofishinta. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Fadila, me kika yanke?"

"Zan sa, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Ta ba jijiyar launin toka, ta rubuta gargaɗin a taƙaice, ba suna, ba zurfi, ba kauri. Ta tura. Cikin ɗan lokaci rumbunan huɗu suka karɓa, kowanne ya nuna alamar ya ajiye.

Mai injin ya ga gargaɗin, ya matsa da rijiyar zuwa wancan gefen ƙauyen, aka samu ruwa mai kyau. Wata bai cika ba Paul ya daina buɗe mata shafin da ke nuna inda ake leƙawa, ita ma ba ta tambaye shi ba. Daga bakin direban ofis ta ji cewa an fara ganin baƙi a kan babura a bayan makarantar, kuma shugaban makarantar ya ce a riƙa tashin yara da wuri.